Farar Riga a Rumfar Kilishin Kawuna

Shekarun baya, wani abokina da ke karatu a jami'a a Yamai ya sauka gidanmu a Dungas. Bincike yake yi a kan ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, masu zama a jikin nama in an shanya shi. Ya ce ba dukansu ke sa ciwo ba, akwai masu tsuma nama su ba shi ƙanshi, su kuma hana miyagun yaɗuwa. So yake ya ɗebi na kilishinmu ya duba asalin halittarsu, ko sun gaji wani abin cutarwa. Na dai gyaɗa kai, don rabin bayanin ya fi ƙarfina.

Na kai shi wurin kawuna, wanda ya gaji sana'ar kilishi daga mahaifinsa. Kawu ya yarda. Ashe mun manta ranar kasuwa ce. Abokina ya zura farar riga da safar hannu, ya shiga goga auduga a kan naman da ke shanye bisa asabari, yana jefawa cikin 'yan kwalabe. Ni kuwa ina riƙe masa jaka ina washe baki, a dole ga abokin masana.

Kafin la'asar labari ya zaga gari, wai likita ya gano cuta a naman kawu. A wajenmu farar riga ba ta tsayawa kan lafiyayyen abinci. Da kasuwa ta zagayo, 'yan kabu-kabun da suka saba tsayawa saye sai su ɗaga masa hannu daga nesa su wuce.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka ce wa baƙonka ya dawo da rigar nan tasa, ya zauna nan ya ci."

Haka aka yi. Abokina ya zauna cikin farar rigarsa yana cin kilishi, yaji na sa shi hawaye, jama'a na kallo. Wasu suka dawo saye. Wasu suka ce ai likita ya san maganin da ya sha kafin ya zo.

An daɗe kafin sakamako ya fito. Halittun ba su ɗauke da gadon cuta, dangin waɗanda ake tsuma nama da su ne a wasu ƙasashe. Lokacin kawu ya riga ya naɗe asabarinsa ya koma noman gyaɗa. Na same shi a gona na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla. To wa zai gaya wa kasuwa?" Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Har yau ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba, amma abin na ci mini rai. Abokina ya ce halittun suna nan a raye cikin sanyin firigon ɗakin bincikensu. Kilishin ne dai babu.