Ƙotar Ziyad

Si Bu'azza ba ya sayar da kurfin sassaƙa haɗe da ƙota. Duk wanda ya shiga shagonsa a layin masassaƙa na Marakesh, ƙarfen kawai zai samu, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ƙotar kuwa, mai ƙarfen ne zai murza abarsa daidai hannunsa. Haka kawunsa ya koya masa a Dimnat, kuma bai ga dalilin sakewa ba.

Ya ƙare ƙuruciyarsa a zaune a ƙasa: hannun dama na jan baka, tsirkiya na juya itace, hagu da babban yatsan ƙafa suna riƙe da kurfi. Tagogin katako da yawa a unguwarmu aikinsa ne. Da ciwon suga ya ci yatsan nan aka yanke shi, sai ya hau kujera ya koma sayar da kayan aiki. Yakan ce yatsan ne ya riga shi yin ritaya.

Ta dalilin ɗana Ziyad na san shi. Ziyad akanta ne, amma ranar Lahadi yakan tuɓe takalmi ya zauna a saman benenmu yana murza itace. Ya rasu a hatsarin mota a hanyar Asfi, matarsa Sukaina na da ciki. Ya bar gadon jariri bai ƙarasa ba. Sandunan gefe ɗaya sun shiga, ɗaya gefen ramuka ne kawai. Sukaina ba ta roƙe ni komai ba, sai dai na ga ta ƙi sayen wani gadon.

Ni malamin lissafi ne, ban taɓa riƙe abin da ya fi alli kaifi ba. Na je shagon.

"Si Abdulhak," in ji Si Bu'azza, "alli ne ya ƙare? Ba ma sayarwa."

"Inji nake so, mai lantarki. Wanda zai gama gadon kafin haihuwa."

Ya turo mini kofin shayi. "Ga shi can, in ka matsa zan sayar maka. Amma sandunan za su fito sumul, na ɗanka kuwa akwai sawun baka a jikinsu. Kullum ka duba gadon, sai idonka ya faɗa wurin. Ina ƙarafansa?"

"Suna inda ya bar su. Na kasa taɓawa."

"Kawo mini ƙaramin."

Washegari na kai masa. Ƙotar ta itacen zaitun ce, ta yi baƙi inda hannun Ziyad yake kamawa. Kafin in zauna, ya sa ƙarfen a matsi, ya buga ƙotar da guduma ta fita.

"Wannan tasa ce," ya ce, ya danƙa mini ita. "Sa a aljihu. Da ita a jikin ƙarfen ba za ka iya aiki ba, kallonta za ka yi ta yi. Ƙarfen kuma yanzu naka ne, sai ka yi masa ƙota."

Abin da ya zaɓar mini bai cika jaka ba: baka marar nauyi saboda kafaɗata, sabuwar tsirkiya, dutsen washi, da guntayen itacen al'ul na koyo. Na nuna wasu ƙarafa masu sheƙi a bango.

"Na masu yawon buɗe ido ne. Cire takalmi, malam." Ya leƙo daga kujerarsa. "Subhanallahi. Ƙafa kamar ta amarya. Wannan yatsan bai taɓa cin guminsa ba."

Ya ara mini kurfi, na zauna a ƙasan shagon. Shi ba ya iya nuna mini da ƙafa, sai da baki da sandarsa. Idan na danna ƙarfe lokacin da baka ke komawa, sai in ji sanda a idon sawuna. Ƙotata ta farko ta fito a karkace. Ya jujjuya ta, ya ce, "Da ta yi kyau da na ce sato ta ka yi. Sa wa ƙarfen."

Na gama sandunan kafin Sukaina ta haihu. Nawa sun fi na Ziyad kauri, ana gani, amma sawun baka ɗaya ne.

Ranar suna Si Bu'azza ya hau benenmu da ƙyar, yana zagin matakala. Ya zagaya gadon, ya girgiza shi, sannan ya miƙo mini hannu.

"Ina ajiyata?"

Tana aljihuna, ban taɓa rabuwa da ita ba. Ya huda kan gadon, ya kafa ƙotar a wurin, ta zama mariƙin da ake jijjiga shi da shi. Ya ce wa Sukaina, "'Yata, gwada mu gani."

Ta ɗora hannu a wurin da ya yi baƙi. Jikata Rim ta yi barci.

Har yau nakan sauka shagon ranar Lahadi. Injin nan yana nan, bai sayar ba, kuma duk zuwana sai ya tambaye ni ko har yanzu ina so.