Matuƙin da Ya Zo Babu Jirgi

Shekarun baya, Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ina koyar da Turanci a wata sakandare, aka haɗa ni da wani tsohon Bature ɗan ƙasar Poland in yi masa tafinta. Da ƙuruciyarsa matuƙin jirgin yaƙi ne, daga baya ya ajiye tuƙi ya koma rubuta littattafai. Ya zo ne ya ga yadda manomanmu ke rayuwa, ya rubuta.

Na ce bari in kai shi ƙauyenmu, can wajen Kiyawa. A shekarar tsuntsaye jan-baki sun addabi mutane, ga geron kawuna ya fara nuna, kuma shi ne abincin gidansa na shekara. Yara na wuni a gona suna jan igiyar gwangwanaye, suna ihu.

Ban san wa ya riga mu kai labari ba. Muna sauka na tarar an ɗaure dabbobi a gida, an rufe rijiya, an janye yara kaf daga gonaki, wai kada maganin feshin da jirgi zai zubo wa tsuntsaye ya taɓa su.

Na ce, "Kawu, wane feshi kuma? Marubuci ne fa."

Ya ce, "Ba matuƙin jirgi ba ne?"

"Da can ne, Kawu. Ya daina."

"Kai ɗan nan, ana daina iya tuƙi ne? Ka ce masa mun shirya."

Na juya wajen Baturen ko zai taimake ni, sai na same shi tsaye a bakin gona, baki sake, yana kallon garken tsuntsaye na juyi a sama. Wai tunda yake bai taɓa ganin rundunar da ta iya tashi a tare haka ba. Rundunar da ke cinye mana gero! Raina ya ɓaci, na fassara masa buƙatar Kawu ba tare da na sassauta ba. Ya ce ba shi da jirgi, kuma ko da yana da shi, tun da yaƙi ya ƙare ya yi rantsuwa ba zai ƙara sako komai daga sama a kan gonar kowa ba.

Na gaya wa Kawu. Ya ce ai manya haka suke, sai an lallaɓa, ya sa aka yanka wa baƙon zakara. Na yi magiya har muryata ta dushe a mayar da yara gona, aka ce in bari jirgi ya zo tukuna. Kafin a yarda da ni, fiye da rabin zangarniyar ta zama fanko. A shekarar, tun kafin bazara Kawu ya fara awo a kasuwa.

Bayan wasu shekaru littafin ya iso ta gidan waya, da yarensu, ko kalma ɗaya ban iya karantawa ba. A tsakiya ga hoton gonar Kawu, tsuntsaye sun rufe sama. Har yau in na tuna, haushin su biyun nake ji, da na kaina da na tsaya a tsakani ina zuba Turanci.

Na kai wa Kawu littafin. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙo mini.

"Ka rubuta masa ka ce sun yi kyau. Gerona ne a cikinsu."