Ledar Kawu Lawali

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Lawali a Birni ya san ƙarar nan ta leda in ka zauna kan kujera. Shekara ashirin da sayen kujerun, ledarsu ta kanti tana nan. Rediyo a leda, telekomand na talabijin a leda, sirdin mobilet ɗin da ya yi ta hawa zuwa gidan waya har ya ajiye aiki, shi ma a leda. In ka yi magana ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Kaya ba ya tsufa da kansa. Hannunku ne."

Ni Zuwaira, ɗiyar ƙanwarsa, na fi kowa shan wannan karatu, don bakina ba ya shiru. Wata bazara na tashi daga kujerar nan zane ya manne mini, na ce, "Kawu, mutum ya zo gaisuwa ya koma a dafe?" Ya ce, "To wa ya ce ki zauna? Tabarma ga ta can."

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa, ba a taɓa fita da kayan gidansa zuwa wurin mai gyara ba. Ko da fanka ta tsaya, shi ya kwance ta, ya mayar, kusoshi uku suka yi saura. Ya zuba su a aljihu ya ce masu ƙera ta ne suka yi almubazzaranci.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da matarsa, Inna Rabi, gidan ya rage su biyu. Ɗiyarsu Hadiza ta aiko daga Yamai da mikro-ond, akwatin nan mai ɗumama abinci, don Inna ba ta iya shan maganin safe sai da kunu mai ɗumi. Maƙwabciya ke damawa da yamma, Kawu ya ɗumama da safe. Mun ce a samo mai aiki, ya ce matarsa ce ba ta gwamnati ba. Ranar da akwatin ya iso, kafin a ɗumama ko ruwa, ya yanko leda mai kauri ya rufe wurin madannan, ya bi da sikoc ya manne ta. Duk wata sai ya ƙara wani sikoc a kan na da.

Shekara guda lafiya lau. Sai wata safiya cikin tsananin zafi akwatin ya hau kuka, ƙit, ƙit, ƙit, ya rubuta harafi da lamba a fuskarsa, ya ƙi karɓar kowane madanni.

Na biyo ta gidan bayan an tashi daga lakwal inda nake koyarwa, na tarar da Kawu ya zare wayar akwatin daga bango, yana zaune da agogo a hannu.

"Kuran ne," in ji shi, wato wutar lantarki. "Sun aiko da mai datti."

Ya mayar da waya. Ƙit, ƙit, ƙit.

"Kawu, ina littafinsa? Mu duba me lambar ke nufi."

Ya nuna mini shi saman kabad, a cikin ledarsa, ba a taɓa buɗewa ba. Na miƙa hannu, ya ce, "A kul."

Kashegari ya kunna wa akwatin fanka tun safe har azahar, wai zazzaɓi ne. Ya juya farantin ciki, ya canza wa akwatin kusurwa, ya ce ƙila wurin ne bai karɓe shi ba. Na ce akwai mai gyara a kasuwa, ya yi kamar da bango nake. Ya gwada hura gawayi, mutumin da bai taɓa kunna wuta ba a rayuwarsa, ya ƙone gefen gemu, kunu ya kama ya yi ƙauri. Mu dai dariya muke, amma safiya uku Inna tana kurɓa ɗaya ta ture kofi, magani kuma yana nan a faranti. Ran nan raina ya ɓaci sosai.

Na tsuguna gaban akwatin na ƙura ido. Ashe zafi ya sa ledar ta tsuke, sikoc hawa-hawa ya ja ta, ta danne madanni ɗaya ta ƙi saki. Ga gumi ya taru a ƙarƙashinta.

"Kawu, ledarka ce. Ta danne shi, shi ya sa yake kuka."

"Ledar da ke kare shi? Ke dai boko ya ɓata ki."

Sai muka ji muryar Inna daga ɗaka, a hankali, da harshenta da ya yi nauyi: "Malam, ni ma ka naɗe ni a ledar ka ajiye. Sai in daɗe."

 Kawu ya tashi ya ɗauko reza, ya zare waya, ya yanke sikoc ɗin da hannunsa, yana yi yana kau da kai kamar mai yanka ragon da ya yi kiwo. Ya goge wurin da bakin rigarsa, ya jira ya bushe, ya mayar da waya. Shiru. Ya danna, faranti ya juya. Ya dube ni ya ce, "Na gaya miki hutu yake so."

Bara da ya rasu aka fito da kaya don rabo, kowa na mamaki, komai sabo fil kamar yau aka sayo. Sai mikro-ond, da bai ƙara sa wa leda ba. Madannin minti ɗaya ya goge, lambar ta ɓace, wurin ya lotsa daidai kan yatsa, shekara huɗu na kunun safe. Inna ta sa aka tura kekenta na marasa lafiya kusa, ta ɗora yatsanta a wurin, ta ce wannan ba ya cikin rabo.

Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya yafe masa taurin kai, ya sanyaya makwancinsa. Ya ba Inna Rabi haƙurin safiya.