Hannun Baba Arzika da Irin Hatsi

Har gobe ban manta da safiyar da aka kawo mini Baba Arzika a kan amalanke ba. Lokacin ni kaɗai ce kine, wato mai koya wa jiki motsi bayan ciwo ya taɓa shi, a gidan likita na Filinge. Manomi ne daga wani ƙauye ta wajen Tabla. Hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, ya ɗan samu sauƙi, amma ƙafar sai jan ƙasa take.

Damina ta kusa, kuma babban ɗansa Sani ya riga ya yanke magana: in tsoho bai iya ratsa gona ba kafin ruwan shuka, za a ba wani gonar aro, shi ya zauna gida. Baba Arzika kuwa bai taɓa zama yana kallo wani ya shuka masa gonar ubansa ba.

Ku sababbin zuwa wannan aiki namu, ga abin da za ku riƙe. Hannu da ƙafa kiɗa ɗaya suke bi, daga lakar baya ake ba su shi. Hannun dama ya yi gaba, ƙafar hagu ta bi. In mutum na kaɗa hannuwa, ƙafar da ta yi nauyi takan fi saurin kama takunta.

To, ga inda muka tsaya cik. Baba Arzika ba ya tafiya sai ya goya hannuwa a baya, kamar kowane dattijon ƙasarmu ta Kurfai. Na ce, "Baba, sake su, ka kaɗa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyata, ni soja ne? Da furfurata in riƙa fareti gaban surukai?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, ni da ba a san ni da haƙuri ba. Majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya ce in ƙyale shi, tsoho ba ya sake irin tafiyar da ya saba. Raina ya ɓaci sosai.

Wata safiya ina share tsakar gidana, na shiga watsa wa kaji tsaba da hannu ina takawa, sai dabara ta faɗo mini. Na zo aiki da ƙwarya cike da hatsi, na sa mai gadi ya sassara ramuka a rairayin bayan ɗakinmu. Na rataya wa Baba ƙwaryar a wuya.

"Baba, ba fareti yau. Shuka za ka nuna mini, ni 'yar birni ce."

Ya yi tsaki, ya ɗebi iri da dama, ya miƙa hannu ya jefa. Ƙafar hagu ta ɗaga, ta zo ta rufe ramin. Ya sake jefawa, ta sake zuwa. Bai ma lura ba, yana ta yi mini faɗa wai ramukan sun yi kusa. Sani na tsaye yana kallo. Kullum haka muka yi har hadari ya fara haɗuwa.

Bayan girbi Baba Arzika ya shigo mini da ƙafarsa, da zangarniya biyu a hannu. Na ce, "Wa ya shuka?"

"Wa kuwa? Layin dai ya ɗan karkace."

Daɗi ya kama ni. Da zai fita ya hangi mutane a bakin ƙofa, nan take ya mai da hannuwa baya.

Tun ranar, duk wanda aka kawo mini, kafin in taɓa ƙafarsa sai na tambaye shi aikin da hannunsa ya saba.