Layina Kaɗai Ne Ya Karye

Ranar wata Laraba gab da ƙarshen zango na uku, ina aji huɗu a sakandare a Daura, ana karɓar takardun jarrabawar lissafi idona ya faɗa kan ta Bilki, ƙawata. Layinta miƙaƙƙe ne, ya gangara har ƙasan sifiri. Na waiga, na bayana ma haka. Nawa kaɗai ne ya sauko, ya taɓa sifiri, ya karye ya koma sama kamar bakin almakashi.

A gidan Kawu Sani nake zaune saboda karatu, kuma tun ranar da aka kawo ni daga Sandamu ya gaya wa Baba cewa ba ya riƙon mai maimaita aji. Tambayar kuwa ita ce mafi yawan maki: an sa harafi tsakanin sanduna biyu, an ce mu zana a takarda mai gida-gida. Ni da na ga sandunan, akuyar Inna na tuna. A Sandamu kullum da safe ni ke ɗaure ta a turke kafin in tafi ɗebo ruwa, ko gabas ta ja ko yamma, igiyar ba ta taɓa zama ƙasa da babu. Nisa ake tambaya, haka na ɗauka.

"Ke baƙauya, lissafi ne ko kiwo?" in ji Bilki da na gaya mata, tana dariya.

Kwana tara ina jiran sakamako. Ina surfe ina lissafa layin, ina shara ina sake zana shi da tsinken tsintsiya a ƙasa. Har kayana na fara ninkewa a ɓoye.

Rana ta goma Malama Hadiza mai lissafi ta aika a kira ni ofishin malamai. Ta miƙo mini sabuwar takarda, fuska ba walwala, ta ce in sake zanawa a gabanta, don ana zargin na shiga da littafi. Na ɗauki fensir na zana, na ba ta labarin turken.

Ta duba takardar, ta ce: "Ke kaɗai kika ci, 'yata. Je ki, kin wuce."

Yau shekara huɗu ke nan, na gama makarantar, amma ko yanzu aka ce ana kirana a ofis sai wannan kiran ya faɗo mini a rai. A bakin ƙofar na zauna ranar, na kasa ko tashi.