Wasa Yake Yi, Baba

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Lawal a Birmingham. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan sa a yi masa saukar Alƙur'ani, in ba da sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Masu karatu ku yi haƙuri da ni, ba yabon mamaci kaɗai ya sa na ɗauki biro ba, akwai maganar da ta shafe ni.

Yaya Lawal wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne babba, ni Sani nake bi masa. Ya zo Manchester da tallafin karatu don ya zama injiniya, ya kama ɗan flat a unguwar Hulme wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofarsa. Kai, Allah ya yi wa bawan nan tsawo! Gadonsa ma sai da ya kara masa kujera a ƙarshe don ƙafafunsa su sami wurin zama. Tun a sakandare a Kano yake taɓa ƙwallon kwando, amma a lokacin ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. A nan Ingila kuwa sana'ar tana ɗan tasowa ne, ƙungiyoyi kaɗan suka fara ɗaukar 'yan wasa da kwantiragi. Wani koci ya gan shi yana jefa ƙwallo a zauren motsa jiki na jami'a, ya bi shi har gida. Haka Yaya ya zama ɗan wasan da ake biya albashi. In akwai ɗan Arewa da ya riga shi, ni dai ban ji labarinsa ba.

Bayan shekara biyu na biyo shi nawa karatun, na sauka a wurinsa. Ranar da na fara ganinsa a fili ban gane shi ba. Mutumin da a gida sai ka yi magana uku kafin ya amsa ɗaya, ga shi yana tashi sama yana kaɗe ƙwallo daga hannun ƙattai, takalma suna ƙara a kan katako, Turawa suna ihu da sunansa a karkace. Da safe yana aji, da yamma yana fili, kuma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Na yi alfahari da shi, wallahi na yi. Amma na yi hassada ma, gara in faɗa. Ni ba wanda ya san da zamana a garin, ko'ina na shiga ƙanin Dogo ne sunana.

Da hutu ya zo zan je gida, Yaya bai raka ni filin jirgi ba saboda suna da wasa a Birmingham. Ya ba ni agogo in kai wa Baba, ya ɗauki jakarsa ya fita. Abin da ya yi mini ke nan fa, ba wani abu ba. Ni kuwa na ƙulle shi a ciki har Kano.

Baba mai sayar da yadi ne, bai yi boko ba, amma duk girman kansa a kan karatunmu yake. Kwana biyu da isata, bayan la'asar, yana zaune a zaure da abokansa, sai ya dube ni ya ce, “To Sani, yaya karatun yayanka?”

Na ce, “Wasa yake yi, Baba.”

Ya ce, “Wasa?”

Na ce, “E, wasa.”

Duk Bahaushe ya san abin da Baba ya ji. A kunnensa wasa abin yara ne, kuma idan aka ce babban mutum yana wasa, to ya yi watsi da abin da aka aike shi ke nan. Ban yi ƙarya ba, kuma da wannan na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Amma na san yadda za a ji maganar tun kafin ta fita daga bakina. Abin da ya rage in ƙara bai fi numfashi ɗaya ba: ƙwallon kwando ne, sana'a ce, kuma karatu yana tafiya daidai. Ban ƙara ba. Abokan Baba suka sunkuyar da kai, shi kuma ya cire agogon daga hannunsa ya ajiye a kan tabarma.

A zamanin nan da kaset ake aika saƙo, tunda Baba ba ya rubutun boko, waya kuwa sai an sha wahala. Washegari ya sa na kawo rakoda, na saka masa kaset, ya ce in fita in ja ƙofa. Ni da kaina na ɗauko kaset ɗin nan a aljihuna har Hulme.

Muka zauna da Yaya muka kunna. Muryar Baba ta fito ba ko gaisuwa: “Lawal, an ce wasa kake yi. Ba wasa na aike ka ba. Kada ka tako mini gida sai da takardar digiri a hannunka.” Nan Yaya ya danna ya kashe. Ya daɗe yana kallon rakodar, sannan ya ce, “Wa ya faɗa masa?” Na ce, “Oho, ka san mutanenmu da baki.” Ya dube ni, ya zare kaset ɗin ya sa a aljihu, ya shige ɗaki.

Kafin mako ya zagayo ya mayar wa ƙungiyar da rigarta, ya bar wasan. A daidai lokacin wata ƙungiya a Birmingham da ta fi tasu ƙarfi tana nemansa. Kocinsa ya zo flat ɗin har sau biyu, Yaya ya ba shi shayi, ya ba shi haƙuri, ya raka shi ƙofa. Ya aika wa Baba nasa kaset ɗin yana bayani, amsar da ta dawo ita ce digiri tukuna. Saura wata huɗu ya gama jarrabawar ƙarshe Baba ya rasu. Ba su sake haɗa ido ba.

Daga nan ya sami aiki a Birmingham, ya zauna a unguwar Ladywood, ya yi aure, aka haifa masa 'ya ɗaya tilo, Hauwa. Bai ƙara taɓa ƙwallo ba. Idan muna tafiya muka zo wucewa ta filin da matasa ke wasa, sai ya sami abin kallo a ɗaya ɓangaren titin. Shi ya yi mini walicci da zan yi aure. Kowace Sallah sai ya tuƙo mota ya zo gidana a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, ya cika mana falo da ƙafafunsa, yana tsokanar matata wai miyarta ta fi ta kowa gishiri. Fiye da shekara talatin, duk zuwan da zai yi sai na ce yau zan faɗa masa. Har a gadon asibiti na riƙe hannunsa, na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne “Sannu, Yaya.”

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abin ya koma. Abokaina likitoci da akantoci yau su ke tashi da sassafe ranar Asabar su kai 'ya'yansu training na ƙwallo, su ɗauki bidiyo su tura wa dangi a Kano, kakanni suna sa albarka. 'Yan mata da hijabinsu suna jefa ƙwallo a kwando. Anya zai yi murna, ko kuwa abin zai ƙara ci masa rai ne? Hauwa ta ɗauko tsawonsa, ta yi wasan a makaranta, yanzu ita ke horar da wata ƙungiyar 'yan mata a unguwarsu. Bai taɓa hana ta ba, amma ko sau ɗaya bai je ya kalle ta ba. Ta tashi tana zaton kunyarta yake ji.

Watan jiya Hauwa ta kira ni. Mahaifiyarta za ta koma ƙaramin flat, suna kwashe kaya suka ci karo da wani akwati: takalman wasa, hoto ɗaya, da kaset. Ta kai an juye mata shi a waya. Hausarta ba ta da ƙarfi, ta Baba kuwa irin ta 'yan kasuwar Kano ce mai gudu. Ta hau jirgin ƙasa ta zo har gida da rana tsaka, matata ta kawo mata shayi, ta ajiye wayar a tsakaninmu ta ce, “Baffa, ka fassara min, please. Word for word, kar ka bar komai.”

Ta kunna. Na ji muryar Baba bayan shekaru kusan arba'in, na fassara mata har zuwa maganar digiri, na miƙa hannu zan kashe ina cewa shi ke nan. Ta janye wayar. “No, Baffa, da saura.”

Ashe da saura. Ni ban taɓa jin abin da ke bayan wurin da Yaya ya kashe ba. Baba ya yi tari, ya yi gyaran murya, sannan ya ce, “Sani ne ya faɗa mini. Kada ka riƙe shi a zuciya, ƙaninka ne, ka ci gaba da kula da shi.”

Innalillahi. Wato tun ranar da ya shige ɗaki da kaset ɗin ya sani. Ya san na faɗa, ya san na yi masa ƙarya ido da ido, kuma da safe ya tashi ya soya mana ƙwai kamar kullum.

Sunana dai ba ya buƙatar fassara. Hauwa ta zuba mini ido ta ce, “Me ya ce a kanka?” Ina iya karkatar da maganar, ba za ta gane ba, kuma shaiɗan ya raya mini hakan. Amma na fassara mata yadda take. Na ƙara mata da zauren, da agogon, da abin da na ƙi ƙarasawa da gangan. Da na gama ta ce, “Baffa, ni na ɗauka ni ce ba ya son ya gani.” Ta sa wayar a jaka, ta yi wa matata sallama, ta fita. Shayin ko kurɓa ba ta yi ba.

Mako uku ina kira ba ta ɗagawa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Yarinyar nan a hannuna aka yi mata huɗuba, kuma ita kaɗai ce jinin Yaya da ya rage a duniya. In ta yanke ni, ba ni da bakin cewa ta zalunce ni.

Me ya rage na Yaya Lawal? Sunansa ba ya cikin wani littafi, waɗanda suka yi masa ihu a Manchester sun manta da shi ko sun bi shi. Akwai takalma guda biyu da ba za su shiga ƙafar kowa a danginmu ba. Akwai 'yarsa a bakin fili da usur a wuya. Sai kuma haƙurin da ya yi da ni fiye da shekara talatin, wanda na yi ta ci ina zaton wayona ne. Baba ya ba shi umarni biyu a kaset ɗaya, ya bi duka biyun har ya koma ga Allah. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shekaranjiya saƙo ya shigo wayata daga Hauwa. Ba gaisuwa, ba ko Baffa: “Asabar, ƙarfe biyu, Ladywood. Muna da wasa.” Ban sani ba ko yafiya ce, ko so take in zauna a kujerar da mahaifinta ya kasa zama in ji yadda take. Ko ma wanne ne, na yanki tikitin jirgin ƙasa. Idan wani a kan benci ya tambaye ni ko wace ce kocin, zan ce masa 'yar wana ce, kuma ubanta ɗan wasa ne. Wannan karon zan ƙarasa maganar.