Ranar da Muka Kai Magen Yaya Gwarinpa

Mun tashi da asuba daga Masaka, ni da yayata da magenta a cikin kwando. Tun kafin a tada mota na ji numfashin magen ya canza, kamar ana hura iska a kwalba. Wata huɗu tana tari, magani ya ƙi ci, likitan dabbobi ya ce sai an yanke ɓangaren huhun da ya ruɓe.

Akwai abin da Yaya ba ta sani ba. Kafin tarin ya fara, wata rana magen ta shige ƙarƙashin kabbasar da nake turara kaya. Na gan ta sarai, na lulluɓa zani na bar ta cikin hayaƙin turaren wuta. Haushinta nake ji. Tunda na gama sakandare na dawo gidan Yaya, ban taɓa jin ta ce mini "'yar lelena" ba, sai dai mage.

A Mararaba cunkoso ya riƙe mu fiye da awa ɗaya. Masu ƙosai da burodi suna bin gilashi, ni ko karyawa ban yi ba, amma Yaya ruwan roba kawai ta saya, ta jiƙa hankici tana goge wa magen fuska. Wani ɗan acaɓa ya leƙo ya ce, "Hajiya, ni ma fa ina tari, ko za a rage mini hanya?" Yaya ba ta yi dariya ba. Ni na yi, a ciki.

Titunan Gwarinpa duk kamarsu ɗaya, sau biyu muna ɓata. Asibitin kuwa ya fi na unguwarmu tsabta, karnuka ma kowanne da katinsa. Aka aske gefen ƙirjin magen, Yaya ta sa hannu a takarda tana hawaye. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, saƙon waya ta turo mini daga ofis.

Awa uku muna zaune, ina ta addu'a kada a buɗe ƙirjin a ga aikina. Bayan azahar likita ya fito da 'yar kwalba, ya nuna mana wani tsinken ciyawa da magen ta shaƙa ya maƙale har ya tara mugunya. Yaya na shiga ganinta na tare shi, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Kada ki ƙara, ƙanwata. Amma ba turarenki ba ne, kuma za ta tashi."

Ƙarfe biyu da rabi ne. A nan ƙasa na zauna.

Mun baro magen a asibiti da robar fitar da mugunya a ƙirji, muka iso gida gab da magariba. Tafiyar ta nuna mini ina iya kishin abu amma ba na son ya mutu. A bakin ƙofa Yaya ta ce idan an sallamo magen a ɗakina za ta yi jinya, don ni kaɗai ta yarda da ni.